Na Bi Sawun Sabuwa Har Kurfai

Ranar farko: Yamai zuwa Baleyara

Ƙarfe biyar saura kwata na asuba na ja ƙofar gidanmu da ke Yamai, da jaka ɗaya a kafaɗa, da leda mai ɗauke da kaye uku, wato littattafan rubutu, cike da rubutun hannuna. Ku 'yan matan ajina kun san kayen nan. Ga wanda bai sani ba, sunana Ramatu, ina koyarwa a kwaleji, kuma shekara guda ke nan ina rubuta labarin wata yarinya mai suna Sabuwa, 'yar shekara goma sha shida, a wani zamani da bai zo ba tukuna. A zamanin nan ruwan sama ya ɗauke shekara tara, garuruwa sun zama kufai, 'yan rijiyoyin da suka rage kuma masu bindiga sun kewaye su da waya suna raba ruwa ga wanda suka ga dama. Sabuwa ta ɗauki wuƙar mahaifinta ta nufi arewa neman rijiyar da ba ta da mai gadi. Duk Juma'a nakan karanta muku babi ɗaya. Da na kai ta tsakiyar daji sai alƙalamin ya tsaya. Wata uku ban ƙara ko layi ba, don ban san yadda mai ƙishirwa yake tafiya ba.

Akwai wadda ta sani. Gwaggo Hassi, ƙanwar mahaifina, tana Filinge, a ƙasar Kurfai. A shekarar babbar yunwa ta zamanin mulkin soja ita ta fito da ni daga ƙauyenmu, Tungar Bawa, ina da shekara huɗu, ita kuma tana da shekarun Sabuwa. Kusan iyakar abin da aka taɓa gaya mini ke nan. Mahaifina ya dawo daga ci-rani a kurmi, can ƙasashen kudu, bayan yunwar ya kawo ni Yamai, har ya rasu bai buɗe zancen ba.

Na isa tasha ana sallame sallar asuba. Kuɗin mota jaka uku, wato sefa dubu uku, aka karɓa har Filinge, aka ba ni wuri kusa da taga a wata ƙaramar bas mai cin mutum goma sha tara. Na sha shayi da rabin burodi a tsaye. Mota ba ta cika ba sai shida da rabi. Direbanmu, Malam Sumaila, dattijo ne mai furfura a haɓa, yana haɗa Zabarmanci da Hausa a numfashi guda.

A shingen fita gari jandarma ya karɓi katunanmu, ya leƙa ledar da ke cinyata.

"Madam, mi ke ciki?"

"Labari ne nake rubutawa."

"Labarin wa?"

"Na wata yarinya, bayan duniya ta lalace."

Ya buɗe shafi biyu ya karanta da laɓɓansa, ya miƙo mini yana murmushi. "Allah shi sa kar mu gani. Ku sauka lahiya."

Ƙarshen damina ne, ana hutun makaranta. Daga Hamdallay zuwa gaba gero ya fi mutum tsawo hagu da dama, zangarniya ta sunkuyar da kai. Na jingina da taga. Barci bai ɗauke ni ba, ban kuma kasance a farke sosai ba. Sai na dinga cire abubuwa da idona ɗaya bayan ɗaya, yadda na saba in zan yi rubutu: na cire geron, na cire ciyawar, na kwashe awakin, na ƙafar da tabkin da yara ke wanka. Abin da ya rage jar ƙasa ce da farin sama, can nesa kuma ga Sabuwa tana tafiya daidai da motarmu, ba ta ko haki. Haka muka jera da ita har Baleyara, kilomita kusan ɗari, tara saura minti goma.

Baleyara zuwa Filinge

Mun tsaya rabin sa'a. Na sayi kopto a wajen wata Bazabarmiya, ganyen zogale da ƙuli da ɗan yaji, ta ce mini "fofo", gaisuwarsu ta Zabarmanci, ta ƙara mini cokali guda. Daga nan hanya ta gangara cikin Dallol, tsohon kwarin da manya ke cewa kogi ne a can da. Goriba ta cika ko'ina, wasu masu kai biyu, wasu huɗu. A hagu kuma ga jajayen duwatsu miƙe kamar katangar wani gari da mutanensa suka tashi.

Bayan Damana kwalta ta fara cinyewa. Malam Sumaila yana kauce wa ramuka yana kallona ta madubi.

"Madam, tun Yamai kina kallon waje awa kin bar wani abu ga hanya."

"Ina tunanin shekarar yunwa ne, Malam."

Muna wuce wata makaranta ya ce, "Lokacin nan babbar mota nike ja, ta jar dawa ta taimako. Hanyag ga da kike gani, mutane ne jere, ba mai magana. Abin da ban manta ba ke nan. Taro mai yawa, amma ba ka jin komi sai sawun ƙahwa."

Na ciro bik na rubuta wannan a bayan kaye. A littafina mutanen da ke gudu kullum cikin ihu suke.

A Bonkuku, ƙasar Imanan, muka sauke wasu mata uku da buhunan gishiri, aka ɗauki wani makiyayi da rago. Sha ɗaya da rabi muka tashi. Zafi ya hau, kwalta ta fara rawa a gabanmu kamar ruwa ya kwanta a kanta, in mun matso ya janye. Ɗaya saura kwata muka shiga Filinge, kilomita ɗari da tamanin daga Yamai, ana shirin kiran azahar.

Filinge, gidan Gwaggo

Gidan yana bayan kasuwa. Na ishe Gwaggo Hassi tana saƙar tabarmar kaba a inuwar dalbejiya. Gajeriya ce, siririya, mai manyan hannuwa, ita ce shugabar matan da ke noman lambun rani a bakin rijiyar unguwarsu. Shekara biyar rabona da ita. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Matu, kin rame. Ba a cin abinci Yamai?"

Ta dama mini fura da nono mai sanyi, mijinta Baba Garba ya shigo muka gaisa. Da la'asar ta yi sanyi na gaya mata abin da ya kawo ni. Ta ci gaba da saƙa. Can ta ce, "To karanta in ji."

Na zaɓi babin da kuka fi so, wanda kuka tafa mini a aji. Sabuwa ta kwana biyu ba ruwa, ta isa wata rijiya mai gadi, ta hau kan dutse ta yi wa masu bindiga jawabi mai zafi a kan zalunci, har ɗayansu ya sunkuyar da kai. Na karanta da duk muryata. Da na ɗago, hannun Gwaggo ya tsaya a kan kaba.

"Yarinyag ga ba ta taɓa jin ƙishirwa ba," in ji ta.

"Kwana biyu fa, Gwaggo."

"Wanda yak kwana biyu bai sha ba, halshenai cika mishi baki shikai. Ko sunanshi ba shi iya hwaɗi, balle wa'azi." Ta ja wani zaren kaba. "Kuma wa ta goya?"

"Ba kowa. Ita kaɗai ce."

"Ita ɗai? Ba tsohuwa, ba jinjiri? To wagga ai yawon shan iska take. Mutum ɗaya ko yaushe shina iya tahiya. Wahalar ita ce wanda kika ɗauke."

Shekara guda na aiki, ga shi ta warware shi da magana uku. Na rufe kayen na ce ta gaya mini yadda nata ya kasance.

"Ba nan ba," ta ce. "Ban iya hwaɗinshi zamne cikin gida. Gobe Garba shi kai mu."

Ranar biyu: hanyar Tungar Bawa

Ƙarfe shida muka fita a amalanken Baba Garba mai jakai biyu, da gorar ruwa da ƙullin dambu. Ba mota mai zuwa can. Muka bi turbar rairayi gabas maso arewa, tsakanin gonaki, raɓa tana jiƙa mana ƙafafu in gero ya shafo amalanken. Baba Garba ya ce tafiyar ta kai kilomita talatin. Daga sa'a ta uku gonaki suka ƙare, sai sabara da kalgo da ciyawa mai fure fari. Jakan suna tafiya da kansu. Rangajin amalanken ya sa komai ya zama kamar ana ganinsa ta cikin ruwa.

Sha ɗaya da rabi muka isa. Ba gari. Wasu 'yan tuddai ne na ƙasa da ciyawa ta rufe, da bakin rijiya da ya rufta, da wani dutsen niƙa rabinsa a binne. Gwaggo ta sauka ta yi ta tafiya tsakanin tuddan ba ta ko duba ƙasa, tana nunawa da haɓa. Nan masallaci. Nan gidan mai gari. Nan ɗakin da aka haife ni. Na tsaya a kan tudun, malam-buɗe-littafi suna tashi daga ciyawa, na yi ta neman wani abu da zan tuna. Ba abin da ya zo sai ɗaci a bayan harshe. Na gaya mata.

"Anza ce," ta ce. "'Ya'yan icce ne masu ɗaci, sai an jiƙa su kwana da kwanaki. Ita munka ci wata huɗu."

Muka zauna a kan dutsen niƙan, ta fara. Mahaifiyata ta rasu da zazzaɓi a farkon ranin, ta bar jinjiri, ƙanena Idi. Na san an yi wani Idi, an ce mini ya rasu a yunwa, shi ke nan. Mahaifina yana kurmi, ba wasiƙa ba saƙo. Mutane suka yi ta tashi gida-gida, har gari ya rage su huɗu: ita, da mahaifiyarsu Kaka Tani, wadda take kira Inna, wadda ba ta gani, da ni, da Idi mai wata bakwai. Akuya ɗaya ce ke shayar da shi. Ranar da nonon akuyar ya ƙafe, guga kuma ya fito da laka, ta ɗaura Idi a ƙirji, ta goya ni a baya, ta aza gora a ka, Kaka ta kama bakin zanenta, suka nufi Filinge.

"Kin ji tsoro?" na tambaye ta.

"Ban samu sukunin shi ba."

Bayan azahar muka juyo, ta ce wa Baba Garba ya bi tsohuwar hanya. Tana zaune a gefen amalanken ƙafafunta na lilo, tana magana da murya ɗaya, ba hawa ba sauka.

"Rana ta hwarko lahiya lau. Ta biyu ƙahwahun Inna sunka ƙi. Sai in ɗauke ku, ke da Idi, in kai ku inuwar iccen da ni hango gaba, in aje ku, in koma in goyo ta. In kai ta, in huta kaɗan, in sake ɗaukar ku. Hanyag ga, Matu, sau ukku na taka ta."

Na dubi turbar da ke gudu ƙarƙashinmu. Jakai biyu ƙosassu sun yi sa'a biyar da rabi a kan irin wannan nisan.

Wajen ƙarfe uku ta ce a tsaya. Wani fili ne mai aduwa biyu, tsakaninsu taku kamar arba'in. Ta sauka ta je gun ta farko ta dafa ta, ta koma gun ta biyu, ta dawo tsakiya ta tsaya.

"Ko wagga ce, ko waccan. Lokacin ba ganye, duk kama ɗaya gare su." Ta gyara kallabinta. "Nan na aje ku na koma ɗauko Inna. Na jima, don ta hwaɗi sau biyu. Da munka iso na ishe ki zamne kin aza kanshi ga cinyarki, kina kore mishi ƙuda da bakin rigarki. Kinka ce mini, 'Gwaggo, yi sannu, shina kwana.'"

Baba Garba ya cire hularsa ya juya wajen jakai.

"Da sakaina na haƙa. Inna tay yi mishi addu'a. Ke kuma kinka yi ta tambaya don mi za mu bar shi, in yat tashi wa za shi gani. Na ce miki za mu dawo mu ɗauke shi." Ta dube ni karon farko tun da ta fara. "Ga shi mun dawo."

Ban san tsawon lokacin da muka yi a wurin ba. Mun yi addu'a a gindin ta farko, muka je muka yi a gindin ta biyu. Iska tana kaɗa ciyawa daga wannan bishiya zuwa waccan. Ban tuna komai ba, har yanzu ban tuna ba, amma cinyata ta dama ta yi nauyi kamar an aza mata wani abu mai ɗumi, kuma nauyin bai sauka ba har muka hau amalanke.

Sauran labarin a hanya ta ƙarasa shi. Rana ta uku da hantsi suka iso bakin Filinge. An tara 'yan gudun yunwa a wani fili bayan gari, sojoji na raba jar dawa, amma sai ga masu gida, maza, waɗanda aka rubuta sunansu. Ta zaunar da ni da Kaka, ta shiga layin maza. Da ta iso gaban tebur sojan ya ce ina mai gidanku. Ta nuna ƙirjinta. Ya yi dariya ya ce ta kauce. Ta matsa taku ɗaya gefe ta tsaya. Aka sallami mutum ɗari ko fiye tana nan. Ya daka mata tsawa, ya kira wani ya ja ta baya, ta dawo wurin. Ba ta ce uffan ba, ba ta da yawun faɗa. Kallonsa kawai take, daga hantsi har rana ta yi ja.

"Da za su tashi sai yaɗ ɗauko butar ruwanshi yam miƙo mini. Yac ce in sha in hwaɗi sunana. Na kai muku kunka sha, na dawo na hwaɗa mishi. Yar rubuta: Hassi, mai gida."

Mun shiga Filinge ana kiran isha'i.

Ranar uku: komawa

Da safe ta haɗa mini tsaraba: tabarmar da take saƙa ta ƙarasa ta, da busasshen zogale, da tumu na sabon gero guda goma. Ta rako ni tasha da kanta, abin da ba ta taɓa yi ba. Na ce mata zan sake rubuta littafin daga farko, in ta yarda in ɗauki abin da ta ba ni.

"Ɗauki. Amma ki bar ma yarinyar wuƙarta, tana da amfani wajen saran kaba." Ta kalli masu ɗaure kaya a saman mota. "Matu, cikin littahi ke ka yin yadda kika so, ko?"

"Haka ne, Gwaggo."

"To in kin ba ta jinjiri, ki bar shi shi kai."

Na kama hannunta da hannuwana biyu, direba ya yi oda, na shiga.

Takwas da kwata muka tashi. Bonkuku tara da rabi, Baleyara sha biyu saura, inda taya ta yi faci muka yi sa'a guda. A hanyar nan ban cire komai da idona ba. Na bar geron a wurinsa, na bar awaki da tabkuna. Sabuwa ta fito sau ɗaya kawai, bayan Damana, can gindin jajayen duwatsu. Tana tafiya a sunkuye, sannu-sannu, da abu a ƙirjinta da abu a bayanta, wata tsohuwa na biye da ita. Motarmu ta wuce ta nan da nan.

Ƙarfe uku na rana na sauka Yamai lafiya. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Malam Sumaila, da Baba Garba da ya bar gonarsa yini guda ana gab da girbi, da ku 'yan ajina da kuka ƙi barina in huta sai na gaya muku inda Sabuwa ta kwana.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina rubutu a kan tabarmar nan. Ranar da na gama, bayan la'asar, na kira wayar Baba Garba na ce ya ba Gwaggo. Na karanta mata shafin ƙarshe: Sabuwa ta isa rijiyar da ba ta da mai gadi, ta zaunar da tsohuwa, ta kwance ƙanenta daga ƙirjinta, ta ja guga ya fito cike, ta kafa masa ƙwarya a baki.

Ta cikin wayar ina jin kukan kaji a gidanta, da wata mata na sallama daga nesa.

"Ya sha?" in ji Gwaggo.

"Ya sha. Har ya yi kuka da ƙarfi."

"Alhamdu lillahi." Na ji ta ja numfashi. "Amma ba da ƙwarya ba, Matu. Cikinshi murɗewa zai yi. Ta jiƙa bakin zanenta ta ɗiga mishi kaɗan-kaɗan."

Na ɗauki bik na gyara, tana kan waya tana jira.